Husufin Wata da Tarihin Yahudawa: Annabci ne ko Lissafin Kalanda?

Tsakanin Afrilun 2014 da Satumbar 2015 wata ya yi cikakken husufi sau huɗu a jere, kowanne da tazarar kusan wata shida tsakaninsa da na bayansa: ranar 15 ga Afrilu da 8 ga Oktoba na 2014, sai 4 ga Afrilu da 28 ga Satumba na 2015. Duka huɗun sun faɗo a kan manyan bukukuwan Yahudawa, biyu a Idin Ƙetarewa, biyu a Idin Bukkoki. Wannan daidaituwa ita ce wasu masu wa'azin Kirista a Amurka suka riƙe suka ce Allah ne yake magana daga sama, kuma wani babban al'amari na dab da aukuwa a kan Isra'ila da duniya baki ɗaya. Wani fasto mai suna Mark Biltz daga jihar Washington ne ya fara yaɗa ra'ayin a 2008, sannan John Hagee na birnin San Antonio a Texas ya fitar da littafi a kai a 2013, wanda aka yi rububinsa. Daga nan maganar ta bazu ko'ina, har ta iso wayoyinmu, kuma har yau duk daren da wata ya yi ja sai an sake tono ta.

Hujjar tasu tana da ƙafa biyu. Ta farko nassi ce. A littafin Annabi Yowel, sura ta 2 aya ta 31, an ce rana za ta koma duhu, wata kuma ya koma jini, kafin zuwan babbar ranar Ubangiji mai ban tsoro. Bitrus ya maimaita wannan ayar a wa'azinsa da ke sura ta 2 ta Ayyukan Manzanni, kuma Wahayin Yahaya, sura ta 6, ya zo da irin wannan siffa. Suna haɗawa da ayar Farawa da ta ce an halicci fitilun sama domin su zama alamu da ma'aunin lokatai. Ƙafa ta biyu tarihi ce. Sun ce irin wannan jerin husufi huɗu a kan bukukuwan Yahudawa ya faru a 1493 zuwa 1494, kusa da korar Yahudawa daga Sifen. Ya faru a 1949 zuwa 1950, kusa da kafa ƙasar Isra'ila. Ya sake faruwa a 1967 zuwa 1968, lokacin Yaƙin Kwana Shida da Isra'ila ta kame gabashin birnin Ƙudus. Sau uku a jere, in ji su, ai ba za a ce haɗuwar tsautsayi ba ce.

Duk wanda ya ji wannan jeri karo na farko sai tsikar jikinsa ta tashi, kuma ban ga laifinsa ba. Ranakun gaskiya ne, husufin ya faru, bukukuwan ma sun zo daidai. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko daidaituwar tana da ban mamaki kamar yadda aka nuna ta. A nan ne ginin ya fara rawa.

Husufin wata ba ya yiwuwa sai wata ya cika, domin sai duniya ta shiga tsakanin rana da wata inuwarta ke faɗawa kansa. Duk Bahaushen da ya taɓa fita sallar husufin wata ya san ba a yin ta sai a tsakiyar watan Musulunci, daren sha huɗu ko sha biyar. Kalandar Yahudawa ma da wata take tafiya, kowane wata yana kamawa da jinjirin wata. Idin Ƙetarewa yana farawa ranar 15 ga watan Nisan, Idin Bukkoki kuma ranar 15 ga watan Tishri. Ma'ana, an ɗora bukukuwan biyu a kan daren da wata yake cika, wanda shi kaɗai ne daren da husufi zai iya faruwa. Tun daga nan rabin mamakin ya tafi.

Ragowar rabin yana cikin tazarar. Hanyar da wata yake bi wajen zagaya duniya ta karkace da kusan digiri 5 daga hanyar da duniya ke bi wajen zagaya rana, shi ya sa ba kowane wata ake husufi ba. Mafi yawan lokuta watan kan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar. Sau biyu ne kawai a shekara abubuwan uku ke saituwa, kuma tsakanin wannan kaka ta husufi da mai bi mata kwana 173 ne da 'yan sa'o'i. Wata shida na kalandar wata kuwa kwana 177 ne. Tsakanin 15 ga Nisan da 15 ga Tishri wata shida ne cif. To idan husufin farko a jerin ya faɗo a Idin Ƙetarewa, na biyu dole ya faɗo a Idin Bukkoki, na uku ya koma Ƙetarewa, na huɗu ya sake komawa Bukkoki, matuƙar ba a cusa watan ƙari a tsakani ba, wanda Yahudawa ke yi sau 7 a cikin kowace shekara 19 don bukukuwansu su tsaya a yanayinsu na shekara. Abin da ake nuna wa mutane a matsayin daidaituwa huɗu masu zaman kansu, daidaituwa ɗaya ce tal wadda ta ja sauran ukun a bayanta.

Ita ma ɗayar ba ta da wuya. Daga ƙarni na farko na Miladiyya zuwa ƙarshen wannan ƙarni na 21, lissafi ya nuna jerin cikakken husufi huɗu sau 62, takwas daga ciki suka dace da bukukuwan. Watanni biyu ne cikin sha biyu ke ɗauke da waɗannan idodi, don haka ko da ƙuri'a aka jefa, kusan ɗaya cikin shida ake sa ran ya dace, watan ƙari kuma ya ɓata wasu. Takwas cikin 62 daidai yake da abin da lissafi zai bayar ba tare da wani sirri ba.

Takwas ɗin nan kuwa su ne matsala ta gaba, domin uku kawai aka fi faɗa wa jama'a. Ban da na 2014 zuwa 2015, sauran sun faru a 162 zuwa 163, da 795 zuwa 796, da 842 zuwa 843, da 860 zuwa 861. Babu wani abu a waɗannan shekaru da Bayahude zai ɗaga hannu ya ce nan ne tarihinmu ya juya. Masu ra'ayin sukan yi ta lalube a littattafan tarihi su samo wata annoba ko wani yaƙi su liƙa, amma mutanen da suka warwatsu daga Bagadaza zuwa Andalus, wace shekara ce za a duba a rasa wani abin da ya same su a wani gari?

A juya tambayar kuma a ga abin da ya fi nauyi. A shekara ta 70 Rumawa suka rushe Haikali na biyu a Urushalima, wato Ƙudus, masifar da har yau Yahudawa ke azumi dominta kowace shekara. Babu jerin husufi a kan idodi a lokacin. A 1096 mayaƙan Yaƙin Gicciye na farko suka karkashe Yahudawan garuruwan bakin kogin Rayin a Jamus. Babu. A 1648 aka yi musu kisan gilla a ƙasar Yukren ta yau. A wannan zamanin ma sam ba a yin jerin, domin daga 1582 har zuwa 1908 ba a samu ko ɗaya ba; abin yana zuwa ne a dunƙule, ya yi ƙarnoni yana aukuwa, ya yi ƙarnoni ya ɗauke. Sai kisan ƙare dangi da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa kusan miliyan shida a Yaƙin Duniya na Biyu. Tsakanin 1928 da 1949 babu jerin husufi huɗu ko ɗaya. Idan har sama tana da wata hanya ta musamman ta yi wa Yahudawa gargaɗi, ta yaya za ta yi shiru a kan Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi, ta yi magana a 860?

Uku ɗin da ake tutiya da su ma ba su tsaya da ƙafarsu ba. Sarki Ferdinand da Sarauniya Isabella sun sa hannu a dokar korar Yahudawa ranar 31 ga Maris 1492, aka ba su zuwa ƙarshen Yuli su karɓi Kiristanci ko su bar ƙasar. Husufin farko na jerin bai zo ba sai Afrilun 1493, lokacin da waɗanda aka kora sun riga sun watsu a Fotugal da Maroko da daular Usmaniyya. An ayyana ƙasar Isra'ila ranar 14 ga Mayu 1948, husufin farko kuma ya zo a Afrilun 1949, bayan wata goma sha ɗaya. Yowel dai cewa ya yi alamar za ta zo kafin ranar. Gargaɗin da ya iso bayan an yi an gama, ihu ne bayan hari. Na 1967 ne kaɗai ya dace: husufin ranar 24 ga Afrilu ya riga yaƙin da aka fara ranar 5 ga Yuni da kusan mako shida. Ɗaya cikin takwas ke nan.

Akwai kuma batun wanda ya ga alamar. Husufi uku na farko a jerin 2014 zuwa 2015 sun faru ne ana tsakar rana a Ƙudus, wata na can ƙarƙashin ƙasa. Mutanen nahiyar Amurka da na tekun Pasifik ne suka kalle su. Na huɗun ne kawai aka gani a Isra'ila, shi ma dab da asuba watan na shirin faɗuwa; mu nan Afirka ta Yamma mun fi su ganinsa sosai, wajen ƙarfe huɗu saura na dare. Ga mutanen zamanin da, husufin da ba a gani ba tamkar bai faru ba ne. Manomi a ƙasar Yahudiya ba shi da yadda zai san wata ya yi ja a bayan duniya. Tunanin "huɗu a jere" kansa ɗan zamanin kwamfuta ne, sai wanda ke da jadawalin husufin duniya duka a gabansa zai iya ganinsa, kuma daga jadawalin hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, Biltz ya ciro nasa.

Shi kansa nassin bai faɗi abin da ake sa masa a baki ba. Yowel bai ambaci huɗu ba, bai ambaci idodi ba. Littafinsa ya buɗe ne da annobar fara da ta cinye gonaki da kurangar inabi, kuma ayar da ta zo kafin wadda ake jawowa tana maganar jini da wuta da ginshiƙan hayaƙi. Hayaƙin gari mai cin wuta yana duhunta rana ya mayar da wata ja a lokaci guda, kamar yadda ƙurar hunturu ke dusashe rana a Kano har mutum ya iya kallonta da ido. Husufin rana da na wata kuwa ba sa haɗuwa a yini ɗaya, aƙalla mako biyu ne tsakaninsu, domin ɗaya na ƙarshen wata ne ɗaya na tsakiyarsa. Jan da wata ke yi a husufi ma sanannen abu ne: iskar da ke kewaye da duniya tana tarwatsa shuɗin haske ta lanƙwasa jan ya faɗa cikin inuwar, kuma duhunsa ko haskensa ya danganta da yawan ƙurar da ke sama. Bayan aman wutar dutsen Pinatubo na Filifin a 1991, husufin Disambar 1992 ya yi duhu har watan ya kusa ɓacewa. Sannan Bitrus, da ya jawo ayar Yowel, cewa ya yi tana cika a ranar da yake magana, kusan shekara dubu biyu da suka wuce.

To su Yahudawan fa, me suka ce? Nan ne wurin da na fi ganin an yi rashin adalci, domin ana magana da sunansu ba tare da an saurare su ba. Gaskiya ne akwai wuri a Talmud, babban kundin koyarwar malaman Yahudawa, a babin Sukka shafi na 29, inda malamansu suka ce husufin rana mummunar alama ce ga sauran al'ummai, na wata kuma mummunar alama ce ga Isra'ila, saboda su da wata suke ƙirga kwanakinsu. Masu wa'azin jan wata suna son wannan wurin ƙwarai. Sai dai a shafin nan ɗaya an rufe maganar da cewa idan Isra'ila na bin nufin Allah ba ta da abin tsoro daga duk waɗannan, aka jawo ayar Irmiya, sura ta 10 aya ta 2, mai cewa kada ku koyi hanyar al'ummai, kada ku firgita da alamun sama. Irmiya ya san da wa yake. A Assuriya da Babila, masu duba taurari sun tara dubban fassarori na alamun sama a allunan yumɓu, kuma idan husufin wata ya nuna sarki zai mutu, akan ɗora wani talaka a gadon sarauta na ɗan lokaci, a ƙarshe a kashe shi don masifar ta tafi da shi. Daga irin wannan tsoro annabin ke janye mutanensa.

Malaman da suka zo daga baya sun ƙara nisa da abin. Musa ɗan Maimun, babban malamin da aka haifa a Kurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya rubuta wa malaman kudancin Faransa wasiƙa yana watsi da duba ta taurari gaba ɗaya, har ya ɗora wa shagala da ita wani ɓangare na laifin faɗuwar mulkin kakanninsa. A babin Sanhedrin na Talmud an tsine wa masu lissafa ranar ƙarshe, saboda idan ranar ta wuce ba a ga komai ba mutane kan yanke ƙauna. Sun kuma ɗanɗana kuɗarsu a 1666, lokacin da dubban Yahudawa suka bi Shabbatai Zebi a matsayin Almasihu, wasu har da sayar da kadarorinsu, shi kuwa ya musulunta a gaban Sarkin Usmaniyya ya bar su cikin ruɗani. Wani abin lura kuma: a cikin waɗanda aka kora daga Sifen a 1492 akwai Ibrahim Zakuto, masanin taurari daga Salamanka, wanda jadawalinsa na tafiyar rana da wata ya zama abin dogaron matuƙan jiragen ruwan Fotugal. Mutum ne da ke iya lissafa husufi tun shekaru kafin ya zo. Abin da ya raba shi da gidansa takarda ce mai hatimin sarakuna biyu.

Saboda haka ra'ayin husufi huɗu ba gadon Yahudawa ba ne. Ya fito ne daga wani reshe na Kiristocin Amurka da ke bin fahimtar da wani malamin Kirista mai suna John Nelson Darby ya yaɗa a ƙarni na 19, wadda ke ɗaukar komowar Yahudawa ƙasar Falasɗinu a matsayin matakin da zai share fagen dawowar Almasihu. Hagee shi ne ya kafa ƙungiyar Kiristoci masu goyon bayan Isra'ila a 2006, ƙungiya mai ƙarfi a siyasar Amurka. Kiristoci da yawa, har da masu riƙe da Littafi Mai Tsarki kalma da kalma, sun ƙi yarda da shi, suna jawo Matiyu 24 aya ta 36, cewa babu wanda ya san ranar ko sa'ar sai Uba. Musulmi ma suna da tasu amsar tun tuni: ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu aka yi husufin rana, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, sai Manzon ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Yana cikin juyayin ɗansa ya ƙi karɓar wannan fassara.

Wani zai ce to mene ne illar abin, tunda dai yana sa mutane tuna Allah? Illar tana nan, kuma ita ta sa na ɗauki alƙalami. Jerin ya cusa kora ta 1492 da nasarar yaƙi ta 1967 a buhu ɗaya. Kuka alama ne, guɗa ma alama ce, don haka babu abin da zai faru ya ƙaryata shi. Da 2015 ta wuce duniya na nan yadda take, sai wasu suka waiwaya suka nuna yaƙin Gaza na 2014 ko yarjejeniyar nukiliyar Iran ta Yulin 2015 suka ce ai ga shi nan. Mafi muni, yana cire hannun ɗan Adam daga abin da ɗan Adam ya aikata. Korar 1492 tana da waɗanda suka ba da shawara da waɗanda suka sa hannu. Shekarar 1948, da Yahudawa ke tunawa a matsayin samun mafaka bayan kisan Turai, ita ce Falasɗinawa ke kira Nakba, lokacin da kimanin mutum 700,000 suka rasa gidajensu. Wanda ya gamsu cewa wata ne ya buga hatimi a kan waɗannan shekaru ba zai ga dalilin tambayar wa aka zalunta ba, ko yadda za a yi gyara. Yahudawan ma ba a girmama su ba, an mayar da matattunsu da 'yan gudun hijirarsu allurar agogo a cikin labarin wasu. Mu ma mun ga inda irin wannan karatu ke kaiwa: a Janairun 2001, bayan husufin wata, matasa a Maiduguri sun far wa otal-otal da mashaya suna cewa zunubin da ake yi a ciki ne ya jawo shi, alhali an san daren da sa'ar tun shekaru aru-aru.

A wannan ƙarni na 21 akwai jerin husufi huɗu har takwas. Na farkonsu, na 2003 zuwa 2004, ya wuce babu wanda ya yi wa'azi a kansa, saboda bai taɓa idodin ba. Mai zuwa zai fara ranar 25 ga Afrilu 2032 ya ƙare ranar 8 ga Oktoba 2033. Biyun farko ba za su dace da bukukuwan ba, amma akwai watan ƙari a tsakani wanda zai sa biyun ƙarshe su faɗo a Idin Ƙetarewa da Idin Bukkoki na 2033, shekarar da Kiristoci da yawa za su ƙirga a matsayin cikar shekara dubu biyu da gicciye Yesu bisa imaninsu. Ba na shakkar cewa za a sake buga littattafai kafin lokacin, kuma a wannan karon biyu cikin huɗu za a ce sun isa.